Ruwan daɗi a kan ruwan gishiri: taki ne ko murfi?

Alhaji Mai Kifi, Ijora:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga 'yan boko. Daren jiya ina lissafin ciniki rediyo na kunne, sai na tsinci wani bayani wai ƙanƙarar can ƙuryar arewacin duniya tana narkewa, kuma saboda haka abincin kifi ya ƙaru a tekun wurin. To ni na haura shekara ashirin ina sayar da kifin ƙanƙara a nan Ijora, titus da shawa da kote. Maƙwabcina kuma busasshen kifin Norwe yake kawowa, wanda Ibo ke kira okporoko. In abincin kifi ya ƙaru, me ya sa kullum kwali sai ƙara tsada yake? Ko mai rediyon ne ya yi mana ƙarin gishiri?

Mai Albasa, Mile 12:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tsada kam ba sai an tambayi ɗan boko ba, dala ce. Amma zancen ƙaruwar abinci na yarda da shi. Mu a Haɗeja in kogi ya malale fadama ya janye, laka yake bari, shekarar ko ba ka sa taki da yawa ba sai ka ga shinkafa ta yi. Ruwan da ya gangaro daga tudu ba ya zuwa hannu rabbana. Teku ma fadama ce babba.

Ɗan Akoka:
Baba Alhaji barka da dare. Abin da muke karantawa ke nan a sashen kimiyyar teku, bari in ɗan taɓa. Mai rediyo bai yi ƙarya ba. Abincin da yake nufi shi ne filankiton, wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai masu yawo a cikin ruwa. Ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, sai sun taru sun sauya wa ruwa launi, kamar gansakuka a randar da aka daɗe ba a wanke ba. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci su, ƙananan kifi su ci ƙwarin, babban kifi ya ci ƙananan. Masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun bi hotunan tauraron ɗan'adam daga 1998 zuwa 2018, suka ga abin da filankiton ke samarwa a tekun Aktik, wato tekun ƙuryar arewacin duniya, ya ƙaru da kashi 57 cikin ɗari. A farkon shekarun, haske ne ya jawo haka: ƙanƙarar da ke rufe fuskar teku ta ja da baya, rana ta samu shiga.

Amma batun ruwan daɗi, Kawu Mai Albasa, a gafarce ni, nan zan saɓa maka. Sau da yawa murfi yake zama, ba taki ba.

Mai Albasa, Mile 12:
Murfi kamar yaya, yaro? Ruwa ne zai rufe ruwa?

Ɗan Akoka:
Ƙwarai kuwa Kawu. A kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, don haka ya fi ruwan daɗi nauyi. In ruwan kogi ko na narkakkiyar ƙanƙara ya shigo, ba ya nutsewa, shimfiɗuwa yake a sama. A tekunmu na nan zafin rana ne ke raba ruwan sama da na ƙasa. A can kuwa ko'ina sanyi ne, sama da ƙasa, sai ya zama gishiri ne ke yin rabon.

Ga inda matsalar take. Filankiton na buƙatar abu biyu a lokaci guda, haske da taki. Haske a sama yake. Takin kuma, musamman naitiret, wanda ɗan'uwan abin da ke cikin yuriyar da kuke zuba wa gona ne, a ƙasa yake taruwa, domin duk abin da ya mutu nutsewa yake ya ruɓe a can. In bazararsu ta zo rana ta dawo, cikin 'yan makonni tsirran ke cinye takin da ke sama. Daga nan sai dai in an damo na ƙasa. Iska mai ƙarfi tana damawa. Daskarewar teku ma tana damawa, don in ruwan teku zai zama ƙanƙara, a sanyin kusan digiri 2 ƙasa da sifili, yana tofar da yawancin gishirinsa, ruwan da ke ƙarƙashi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso. To in shimfiɗar ruwan daɗi ta yi kauri, iska ta kaɗa ta kaɗa ba ta kai ga takin.

Mai Shayin Agege:
Allah ya yi maka albarka, ni na riga kowa ganewa. Ka zuba sukari cokali huɗu a kofi, ka tsiyaya ruwan zafi a hankali, ka miƙa wa mutum ba ka juya ba. Kurɓar farko zai ce ka cuce shi, shayi lami. Alhali sukarinsa na kwance a gindin kofi. Bahaɗeje ne kawai zai sha har ƙasa bai lura ba.

Mai Albasa, Mile 12:
Ka ji Bakatsine. Kai da kake auna sukari kamar mai auna zinari, yaushe ka taɓa sa wa wani cokali huɗu?

Malama Idi-Araba:
Ku bar wasan haka. Ƙanena Ɗan Akoka, ka yi bayani mai kyau amma ka yi wa Kawunka rowar gaskiyarsa. Ina koyar da labarin ƙasa, kuma abin da nake fara nuna wa ɗalibai game da tekun Aktik shi ne koguna. Ruwan da ke cikin wannan teku bai wuce kashi 1 cikin ɗari na ruwan tekunan duniya ba, amma kusan kashi 10 cikin ɗari na duk ruwan da kogunan duniya ke zubarwa a teku, a cikinsa yake faɗawa. Ob da Yenisei suna zuba a tekun Kara, Lena a tekun Laptev, duk daga Saiberiya ta Rasha. Mackenzie ta Kanada tana zuba a tekun Beaufort. Waɗannan koguna sun ratso daji da fadamu na dubban kilomita. Suna ɗauke da ruɓaɓɓen ganye, da silika (sinadarin da ke cikin yashi), da naitirojin (sinadarin taki). Ga kuma gaɓar teku da ke zaizayewa, don ƙasar da ta shekara dubbai a daskare yanzu tana saki tana ruftawa cikin ruwa da duk abin da ta adana. Wani bincike da ya fito a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da filankiton ke samarwa a Aktik, takinsa daga koguna da zaizayar gaɓa yake. Kashi ɗaya bisa uku ba abin rainawa ba ne. Fadamar Malam Mai Albasa tana nan.

Mai Albasa, Mile 12:
Allah ya saka, Malama. Da ma na san ba zan rasa mai tsaya mini ba.

Ɗan Akoka:
Na karɓi gyara, Malama. A bakin gaɓa, inda ruwa ba shi da zurfi, haka ne. Sai dai ko a can akwai abin lura: ruwan waɗannan koguna launin shayi gare shi, kuma mafi yawansa a lokaci ɗaya yake kwararowa, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, in ƙanƙarar kogi ta fashe. A daidai bakin kogin duhun ruwa na hana haske shiga, sai an ɗan yi nisa laka ta kwanta sannan tsiro ke kamawa. Takin da kogi ya kawo kuma a nan kusa ake cinye shi. Ruwan daɗin shi kaɗai ke ci gaba da tafiya zuwa tsakiyar teku, babu guzuri. A arewa da Alaska da Kanada akwai wani babban majuyin ruwa, na Beaufort, wanda ke tara wannan ruwan. Jiragen binciken Kanada da ke zuwa wurin duk shekara sun ga saman ya ƙara zama ruwan daɗi, takin ya ƙara yin ƙasa, kuma manyan filankiton sun ragu, ƙananan sun yawaita.

Alhaji Mai Kifi, Ijora:
To ɗana, manya da ƙanana ba duk abinci ba ne? Kifi ai ba ya zaɓe.

Ɗan Akoka:
Yana zaɓe Baba, ko in ce bakin ƙwaron da ke cinsu ne ke zaɓe. Manyan, waɗanda ake kira dayatom, suna da ɓawo na silika, kuma ƙwarin ruwa masu kitse suna kamasu kai tsaye, kifi ya ci ƙwarin. Ƙananan sun yi ƙanƙanta, sai wata halitta mai ƙwayar rai ɗaya ta fara cinsu, wata ta ci ta, kafin a iso ga ƙwaron. A kowane mataki kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na amfanin ɓacewa yake.

Mai Albasa, Mile 12:
Dillalai ke nan. Buhu ya taso daga gona, mai lodi ya ci, ɗan kamasho ya ci, mai rumfa ya ci, kafin ya kai ga mai miya ya zama kashi uku a naira ɗari biyar. Wannan na gane shi fiye da sukarin Bakatsine.

Ustaz Obalende:
Masha Allah. Ina karantawa ina tuna ayar Suratul Furƙan da ke zancen tekuna biyu, ɗaya mai daɗi ɗaya mai zartsi, da shamaki a tsakaninsu. Ba tafsiri na zo yi ba, wannan na malamai ne. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Injiniyan Apapa:
Wanda ke son ganin abin da yaron nan ke faɗa ba sai ya je Rasha ba. Ya hau jirgin ruwa cikin damina ya bi ta mashigin da jiragen kaya ke fita daga Apapa zuwa teku. Za ka ga ruwan lagun mai ƙasa-ƙasa ya fito ya kwanta a kan shuɗin ruwan teku, da layi a tsakani kamar an ja da alli. Mu ma'aikatan jirgi mun san shi ta wata hanya: jirgi ɗaya da kaya ɗaya, ya fi nutsewa a ruwan daɗi, shi ya sa alamar lodi da ke jikinsa take da layin ruwan daɗi daban.

Sannan ku dubi kainuwar nan da ke toshe hanyar jiragen Ikorodu. Tun 1984 ta shigo ta wajen Badagry. In kogin Ogun ya cika, balle in an saki ruwan dam ɗin Oyan, gishirin lagun ya ragu, sai ta mamaye ko'ina. Rani ya yi gishiri ya dawo, ta mutu da kanta. Ruwan daɗi ne ke yanke hukuncin abin da zai tsiro, a nan ma.

Malama Idi-Araba:
Gaskiya ne Injiniya, da bambanci ɗaya. Namu ruwan da taki ya yi masa yawa yake shigowa, na kwatami da na gonaki da na mutum miliyan nawa. Mu ƙoshi ne ke damun lagun ɗinmu. Su can yunwa ce.

Ɗan Akoka:
Tunda Kawu Mai Shayi ya kawo kofi, bari in kawo cokalin, don wannan ne ɓangaren da ya fi burge ni. Girinland. Tsibirin lulluɓe yake da tulin ƙanƙara wanda kaurinsa ya kai kilomita 3 a tsakiya, kuma tun 2002 da aka fara auna nauyinsa da tauraron ɗan'adam yana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara. Ƙanƙarar tana gangarowa a hankali ta cikin kwaruruka, kamar kogi mai tafiyar hawainiya. Irin waɗannan kogunan ƙanƙara kashi biyu ne.

Na farko yana ƙarewa a kan tudu. Narkakken ruwansa ya zama rafi, ya gangara ya faɗa lungun teku ta sama. Ruwan dusar ƙanƙara ne, naitiret ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, abin da ya ɗebo kawai niƙaƙƙen dutse mai laushi kamar gari, wanda ke mai da ruwa fari-fari kamar an dama koko. Ya yi murfi, ya kuma tare haske. Hasara biyu.

Na biyu yana tafe har cikin teku, gindinsa na zaune a zurfin mita ɗaruruwa. A nan ruwan da ya narke a sama yana bi ta tsagogi ya sauka har ƙasan ƙanƙarar, ya fito ta gindinta, can cikin zurfin teku. Da yake ya fi ruwan gishiri sauƙi, sai ya yunƙuro sama da ƙarfi a jikin bangon ƙanƙarar, yana jawo ruwan ƙasa mai taki wanda ya ninka shi yawa. Shi kansa bai kawo komai ba. Abin da ya yi kawai juyawa, kuma a tsakiyar bazara yake yi, daidai lokacin da takin sama ya ƙare kuma rana ba ta faɗuwa. Ruwa iri ɗaya ne fa, daga ƙanƙara ɗaya. Wanda ya shigo ta sama ya kashe, wanda ya shigo ta ƙasa ya raya.

Mai Shayin Agege:
Wato ƙanƙara ce ke riƙe da cokali. Allah mai iko.

Alhaji Mai Kifi, Ijora:
Wannan a takarda ne ko masunta sun gani a komarsu? Ni abin da ya hau sikeli na sani.

Ɗan Akoka:
Ya hau sikeli, Baba. A 2017 an buga wani bincike da ya kwatanta kamun halibut, wani faffaɗan kifi mai tsada, a lungunan tekun yammacin Girinland, aka ga kamun ya fi yawa a inda kogin ƙanƙara ke shiga teku. Garin Ilulissat da ke gaɓar Disko yana bakin ɗaya daga cikin mafi girmansu, kuma da halibut garin ke rayuwa. Ƙasar gaba ɗaya kusan duk abin da take sayarwa waje kifi ne da jatan lande. A tsibiran Svalbard na Norwe ma, tsuntsayen teku kan yi dandazo a gaban bangon ƙanƙara, don ruwan da ke tasowa yana turo musu ƙwari sama.

Abin tsoron shi ne waɗannan kogunan ƙanƙara suna ja da baya. Duk wanda ya ja har gindinsa ya fita daga ruwa ya hau tudu, ya koma kashi na farko. Narkewa ta ƙaru, ruwan daɗi ya ƙaru, amma an zare cokalin.

Mai Albasa, Mile 12:
To a nan fadamata ta faɗi. Na yarda. Amma ta Saiberiya tana nan, kar a manta.

Injiniyan Apapa:
Ɗaya ƙuryar fa, ta kudu? Labarin ɗaya ne?

Malama Idi-Araba:
A'a, Antaktika kusan a juye take. Babu manyan koguna, kuma tekun da ke kewaye da ita cike yake da naitiret da fosfet har sama, amma tsiron bai kai yadda ya kamata ba. An daɗe ana mamaki, sai wani masanin Amurka, John Martin, ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa sinadarin ƙarfe ne babu. Mu mata mun san wannan. Mai ciki tana cin tuwo tana ƙoshi, a je awo a ce jininta ya yi ƙasa, a ba ta 'yar ƙwayar ƙarfe. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, amma in babu shi sauran abincin bai amfana ba. Tekunmu na Atilantika yana samun nasa daga ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, wannan hazon da ke busar mana da leɓe a Disamba. Antaktika ta yi nisa da hamada, ƙura kaɗan ke isa. Don haka a can niƙaƙƙen dutsen da Ɗan Akoka ya raina yana da daraja, ƙarfe ne a cikinsa. A tekun Amundsen, inda ƙanƙarar Pine Island da maƙwabtanta ke narkewa ta ƙasa, ruwan da ke fitowa yana tasowa da ƙarfe, kuma wurin yana cikin inda filankiton ya fi yi a duk gaɓar nahiyar.

Ɗan Akoka:
Haka ne Malama, amma ko can ba a tsira daga dillalan Kawu ba. A yammacin zirin Antaktika an lura in narkakken ruwa ya yi yawa a sama, dayatom kan ja baya wasu ƙanana su maye gurbinsu, kuma kiril, 'yan jatan landen da tsuntsayen fengwin da manyan dabbobin teku ke dogaro da su, ba su iya tace ƙananan sosai.

Mai Shayin Agege:
To me zai hana a loda jirgi da garin ƙarfe a je a zuba? Ga tsofaffin ƙarafa nan jibge a Owode Onirin.

Ɗan Akoka:
Dariya kake yi Kawu amma an gwada, ba sau ɗaya ba. A 2009 Indiya da Jamus sun haɗu sun zuba a kudancin Atilantika. Tsiro ya taso, amma ruwan wurin ba shi da isasshiyar silika, dayatom ba su yi ba, ƙwari suka cinye abin da ya fito. Ka toshe rami ɗaya ka tarar da wani.

Alhaji Mai Kifi, Ijora:
Duk na ji, kuma na gode. Amma an zaga da ni Rasha da Girinland da Chadi, har yanzu ba a gaya mini abin da ya sa maƙwabcina ke kuka da kuɗin okporoko ba.

Ɗan Akoka:
Afuwan Baba. Okporoko yawancinsa kifin kod ne da danginsa. Kod ɗin yana girma a tekun Barents, arewa da Norwe da Rasha, ya gangaro tsibiran Lofoten cikin hunturu don yin ƙwai, a kama shi a rataye a kan katako iska ta busar. Ƙasashen biyu ne ke zama su yanke adadin da za a kama, kuma shekaru a jere suna rage shi, saboda 'ya'yan kifin da ke tasowa ba su da yawa. Kaya ya ragu tun daga tushe, sannan naira ta faɗi tun da aka sake ta a Yunin 2023. Titus ɗinka kuwa yawanci daga arewa maso gabashin Atilantika yake, ba daga bakin ƙanƙara ba.

Abin mamaki ma, a arewacin Barents ruwan daɗi raguwa yake, ba ƙaruwa ba. Ƙanƙarar da ke shigowa ta narke a wurin ta yi ƙaranci, murfin ya yi siriri, ruwan Atilantika mai ɗumi da gishiri yana tasowa, kifin kudu na matsowa arewa. Kashi 57 ɗin da aka faɗa jimillar teku ce gaba ɗaya. Wani yanki ya samu, wani ya rasa.

Injiniyan Apapa:
Kuma Alhaji ka ƙara da kuɗin jirgi da na fito a tasha da na dizal ɗin ɗakin sanyi. Filankiton bai san da waɗannan ba.

Alhaji Mai Kifi, Ijora:
Dizal kam kar ka tuna mini. Ɗana, in ka samu sarari ranar Asabar ka biyo ta Ijora, akwai kwalayen da ke ɗauke da sunan ƙasa da wasu lambobi a jiki, ina so ka duba mini daga wane teku suke. Ka zo da wuri, kafin sha ɗaya motar Ibadan take lodi.

Mai Albasa, Mile 12:
Ka tafi da Bakatsine ya riƙe maka cokali.